Wanda Ba a Ga Kabarinsa Ba

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Gaisuwata ta farko ga mutanen ƙasar Ruma da na Safana: Batsari da Wagini da Ruma, Runka da Zakka da Tsaskiya da Babban Duhu. Ban manta da waɗanda suka baro gidajensu ba, suna raɓe wajen dangi a Katsina ko Dutsin-Ma. Sannunku da haƙuri.

Na sani sarai galibin masu riƙe da rediyo a wannan yanki Musulmi ne. Kiristocin cikinsa ba su da yawa: 'yan ƙasa kaɗan, sai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa da jami'an tsaro da aiki ya kawo. Na kuma sani galibin waɗanda aka kashe ko aka sace a nan Musulmi ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Saboda haka ba gardama ta kawo ni ba. Zan faɗi abin da ikkilisiyoyinmu na Furotesta, irin su ECWA da Angilika da Baftis, suke koyarwa a kan tambaya guda ɗaya, don Kirista ya sami abin dafawa, maƙwabcinsa kuma ya san abin da ke zuciyar wanda suke katanga ɗaya da shi.

Tambayar ba a cikin majami'a aka fi yin ta ba. A gidan makoki ake yin ta, bayan mutane sun fara watsewa, murya ƙasa-ƙasa. An ɗauki mutum daga gona ko daga kan hanya an shige da shi dajin Rugu. An yi ta waya ana cinikin kuɗin fansa, an sayar da gona, an sayar da shanun huɗa, an kai. Daga nan waya ta ɗauke. Bayan watanni wani da ya kuɓuto ya zo ya ce ai wane ya rasu tun da damina, ciwo ne ya kama shi, ko kuwa harbe shi aka yi. Ba gawa, ba likkafani, ba kabari. Sai tsohuwa ta matso ta ce, “Fasto, ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa addu'a ba, ko inda yake kwance ban sani ba. Ranar tashi yaya za a yi da shi?”

Ba sai na ba mutanen Batsari da Safana labarin abin da idonsu ya gani ba. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar, a ƙididdigar 'yan sanda. A watan Afrilun shekarar aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da waɗannan biyu, mai ɗan'uwa a daji ya rasa ko muryar da yake ji. Waɗanda aka ƙirga ke nan. Waɗanda tsohuwar nan take tambaya a kansu ba su shiga ƙidayar kowa ba.

Mama, kafin in zo kan ɗanki, sai mun fara zuwa wani kabari daban, domin duk amsar da Kirista yake da ita daga can take tasowa.

An gicciye Yesu Almasihu a bayan birnin Urushalima ranar Jumma'a, a zamanin gwamna Bilatus na Romawa, wajen shekara ta 30 ko ta 33. Wani attajiri, Yusufu mutumin Arimatiya, ya roƙi gawar ya sa a kabarin da aka sassaƙa cikin dutse. Da gaggawa aka yi, don Asabar ta kawo kai, ba a ko gama shirya gawar yadda al'ada ta tanada ba. Shi ya sa ranar Lahadi da asuba mata suka ɗauki kayan ƙamshi suka nufi kabarin, su ƙarasa abin da aka bari. Suka tarar an kawar da dutsen, ba kowa a ciki. Ku lura da wannan: shi kansa Ubangijinmu jana'izar gaggawa aka yi masa, wadda ba a kammala ba, kuma hakan bai hana shi tashi ba.

A nan muka yi hannun riga da 'yan'uwanmu Musulmi, kuma gara a faɗa a fili da a yi ta kewaye-kewaye. Mun haɗu a kan cewa akwai ranar tashi da hisabi. Amma a koyarwar Musulunci Annabi Isa bai mutu a kan gicciye ba. Mu kuwa a wurinmu ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku, kuma duk sauran abin da muka gaskata a kan wannan yake tsaye. Manzo Bulus da kansa, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa sura ta 15, bai bar wa kansa mafita ba. Ya nuna cewa in wannan labari ƙarya ne, to wa'azinsa aikin banza ne, waɗanda suka mutu suna dogara ga Almasihu sun hallaka, Kiristoci kuma sun fi kowa zama abin tausayi.

Me ya sa muke riƙe da shi? Wasiƙar nan an rubuta ta tsakanin shekara ta 53 da ta 55, wato shekara ashirin da 'yan kai bayan gicciyen, lokacin da shaidu suke raye. Bulus ya jera su: Bitrus, sauran manzanni, mutum fiye da 500 a lokaci guda, waɗanda ya ce galibinsu suna nan ana iya tambayarsu, sai Yakubu ɗan'uwan Yesu, wanda a da bai yarda da shi ba, sannan shi Bulus, wanda farautar Kiristoci ce sana'arsa kafin ya juyo. Ga kuma batun matan nan. A wancan zamani ba a ba shaidar mace nauyi a gaban shari'a. Wanda ya zauna ya ƙaga labari don a yarda da shi ba zai sa Maryamu Magadaliya a gaba ba, manyan maza zai nemo. Duk Linjila huɗu kuwa mata suka ambata da farko, har Linjilar Yahaya ta tona asirin mazan cewa tsoro ya sa sun kulle ƙofa. Kuma Yahudawan da suka gaji kiyaye Asabar kaka da kakanni suka koma taruwa ranar Lahadi. Wani abu ya faru a ranar, wanda ya fi ƙarfin al'ada.

Akwai wani abu da ake yawan tsallakewa. Yesu da ya tashi ba fatalwa ba ne, ba kurwa ba ce. Luka ya ce ya ci gasasshen kifi a gabansu. Yahaya ya ce ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi a hannunsa da inda mashi ya shiga a haƙarƙarinsa. Jikin da aka azabtar, shi ne ya tashi, da tabonsa, amma mutuwa ba ta da sauran iko a kansa. Begen Kirista bai tsaya ga cewa rai zai tsere ya bar gangar jiki a daji ba. Jikin ma Allah yana da magana a kansa.

To, yanzu mu dawo kan wankan da ba a yi ba da addu'ar da ba a yi ba.

Wannan tambaya, wato me rayayyu za su iya yi don su taimaki matattu, ita ce ainihin abin da ya haifar da Furotesta. A ƙasar Jamus, a shekara ta 1517, wani mai wa'azi da ake kira Tetzel yana yawo yana sayar da takardun sassauta horo. Ana gaya wa talakawa cewa iyayensu da suka mutu suna wani wurin tsarkakewa suna shan wuya, in sun biya kuɗi za a rage musu. Ku duba irin nauyin da aka ɗora wa wanda ba shi da ko anini: uwarsa tana wahala saboda talaucinsa. Ranar 31 ga Oktoba na shekarar, wani malamin Littafi Mai Tsarki a garin Witinbag, Martin Luta, ya fitar da batutuwa 95 yana ƙalubalantar wannan ciniki. A yi adalci: ita ma ikkilisiyar Katolika daga baya ta haramta sayar da takardun. Har yau 'yan'uwanmu Katolika suna yi wa matattu addu'a, muna kuma girmama su. Amma galibin ikkilisiyoyin Furotesta ba sa yi, kuma ba don rashin ƙaunar matattu ba ne. Dalilin shi ne mun karanta a Afisawa sura ta 2 cewa ceto kyauta ce ta alherin Allah, ana karɓarta ta bangaskiya, ba ladan aikin mutum ba ce. A Romawa sura ta 4 kuma an ɗaura gafarar zunubi ga mutuwar Almasihu, an ɗaura kuɓutarmu ga tashinsa. In aikin ya kammalu a can, babu abin da wanka zai ƙara masa, babu abin da rashin wanka zai rage. Shi ya sa ma in ka shiga majami'un ECWA ko na Baftis za ka ga gicciyen ba kowa a kansa.

Ku tuna ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Yesu, a Luka sura ta 23. Ba a yi masa baftisma ba, bai taɓa cin jibin Ubangiji ba, bai ba da baiko ko sau ɗaya ba. Hannuwansa a kafe suke, ba zai iya wani aikin kirki ba ko ya so. Roƙo ɗaya ya yi, a tuna da shi, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Ba a gaya mana wanda ya ɗauki gawarsa ba, ko inda aka jefa ta. A duk Sabon Alkawari kuwa da wuya ka sami wanda aka ba tabbaci kai tsaye kamarsa.

Wata uwar za ta ce, “Ai ɗana ya daɗe bai shiga sujada ba, ban san yadda ya ƙare ba.” Mama, ni ma ba ni da mabuɗin zuciyarsa, kuma fasto da zai yanke miki hukunci a kan wannan, ko ta nan ko ta can, ya shiga hurumin da ba nasa ba. Abin da zan ce shi ne, mutumin da aka ɗaure a gindin itace wata da watanni yana da lokacin tuna abin da kika koya masa yana yaro, kuma Allah yana jin roƙon da ba a furta ba.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan begen tashin matattu, musamman ga waɗanda aka rasa ba a ga gawarsu ba.

Ba mu ne farkon waɗanda wannan abu ya sama ba. A shekara ta 177, zamanin sarkin Roma Markus Aureliyus, aka tasam ma Kiristocin birnin Liyon, a ƙasar Faransa ta yau. Cikin waɗanda aka kashe akwai shugabansu, dattijo mai shekara fiye da 90, da wata baiwa mai suna Balandina. Masu kisan sun san abin da Kiristoci suka gaskata, sai suka nufi nan ɗin. Suka hana a binne gawawwakin, suka sa masu gadi, suka bar su a fili kwana 6, sannan suka ƙone su suka share tokar cikin kogin Ron, da nufin a ga ta inda za su tashi. Waɗanda suka tsira sun rubuta wa 'yan'uwansu na Asiya wasiƙa, marubucin tarihi Yusibiyus ya adana ta. Ba su ɓoye ba cewa rashin binne 'yan'uwansu ya yi musu ciwo ƙwarai, har sun yi ta roƙo, sun gwada ba da kuɗi, ba a kula su ba. Amma ba su ɗauka an ci nasara a kan Allah ba.

Bayan shekara ɗari biyu da 'yan kai, a 410, mayaƙa suka fasa birnin Roma, gawawwaki suka yi yawa har aka kasa binne su. Mutane suka yi tambayar tsohuwarmu. Wanda ya amsa ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya. A farkon babban littafinsa, Birnin Allah, ya bayyana cewa jana'iza da kabari ta'aziyya ce ga waɗanda aka bari, ba taimako ba ne ga wanda ya tafi, kuma babu inda naman daji ko wuta za su kai jikin mutum da zai ɓace wa wanda ya halicce shi. Duk da haka ya ce kada a wulakanta gawa in da halin binnewa, don jiki ba riga ba ce da mutum ya ara, ɓangare ne na shi kansa. Masu gyaran ikkilisiya irin su Luta da Kalbin sun sha daga rijiyar wannan dattijo sosai. Wahayin Yahaya sura ta 20 ma ta ambaci teku tana mayar da waɗanda ta haɗiye. In teku za ta mayar, ina ga dajin Rugu?

Da Korintiyawa suka tambayi Bulus da wane irin jiki matattu za su tashi, gona ya kai su, ya yi musu misali da iri. Manomin ƙasar nan ya fi Bakorinte fahimtar wannan, domin mu muna yin binne. Ƙarshen bazara, rana tana dukan ƙeya, ko ɗigon ruwa bai sauka ba, maigida ya ɗauki sungumi ya shiga gona yana sara, ƙura tana tashi. Yara suna biye da ƙoƙon iri, su ɗibi gero da 'yan yatsu uku su jefa, su rufe da diddige, su wuce. Wannan geron da aka zuba, ana iya daka shi a yi tuwon dare, ga rumbu ya yi ƙasa. Kwana biyu iska ta share sawu, gonar ta koma fili fetal, ko shi mai ita ba zai iya nuna maka rami ɗaya ba. Bai kafa tsinke a kan kowanne ba. Amma ranar da ruwa ya sauka sosai, ba sai an yi wa ruwan jagora ba, kowane rami sai ya same shi. Bayan 'yan kwanaki ka ga layi-layi kore shar, abin da ya fito kuma bai yi kama da ƙwayar da aka jefa ba, alhali ita ce. Misalin yana da iyaka, don binne yakan lalace: yayyafi ya yaudare shi ya tsiro ya ƙone, ko zabi su tone. Shi ya sa Bulus bai dogara ga misalin ba. Ya dogara ga cewa an riga an ga mutum ɗaya ya fito, wanda ya kira nunan fari, sauran kuma suna biye.

Wani abu yana damuna a gidajen makokinmu. Mace tana kuka, sai wani mai ƙwazo ya taso da Littafi a hammata ya ce, “Haba 'yar'uwa, ina bangaskiyarki? Kirista ba ya kuka.” Wa ya gaya maka? A Betanya, a bakin kabarin Li'azaru, Yesu ya san nan da ɗan lokaci zai kira shi ya fito, duk da haka hawaye ya zubo masa. Da aka jajjefe Istifanas, masu tsoron Allah suka binne shi suka yi makoki mai tsanani, ba wanda ya tsawata musu. Abin da Bulus ya gaya wa Tasalonikawa shi ne kada baƙin cikinsu ya zama irin na wanda ba shi da abin sa rai. Bai hana baƙin cikin ba. A wajensa mutuwa abokiyar gaba ce, ta ƙarshe da za a hallaka. Ba a yi wa abokin gaba guɗa. Wanda bai ga gawa ba kuwa, makokinsa ya fi tsawo, don zuciya takan ƙi yarda. Duk babur da ya tsaya a ƙofar gida sai gabansa ya faɗi. Ku bar ta ta yi kukanta. Ku zauna kusa, ku kawo ruwa, ku rage wa'azi.

Ga wata 'yar gyara ga 'yan'uwana masu wa'azi. Tun da satar mutane ta yi yawa, na ji ana kwatanta mutuwar Almasihu da kuɗin da ake kai wa 'yan bindiga: wai Shaiɗan ya sace mu, Allah ya biya shi. Gaskiya ne Markus sura ta 10 ta kira ransa fansa, kuma wasu malaman ikkilisiya na farko sun yi irin wannan bayani. Amma tun wajen shekara ta 1098 Anselm na Kantabiri ya rushe shi, masu gyara kuma suka bi sawunsa. Allah ba ya ciniki da ɓarawo. Bashin zunubi na gaban adalcin Allah ne, shi kuma ya ɗauke shi da kansa cikin Ɗansa. Ka kuma tuna a cikin masu jin ka akwai wanda ya biya, aka karɓe, ba a sako masa nasa ba. Kada ka sa masa Allah cikin wannan hoto.

Sai batun ramuwa, wanda ya fi kowanne wuya. Saurayin da aka kashe wa uba yana jin jininsa yana tafasa, ba kuwa zan ce masa abin da aka yi ba komai ba ne. Tashin matattu yana da fuska biyu. Bulus, a gaban masanan birnin Atina, ya kafa hujja da tashin Yesu cewa Allah ya tsai da ranar shari'a. Wanda aka kashe a ɓoye zai tashi, wanda ya kashe shi ma zai tashi, ba kuma dajin da za a ɓuya. Wanda ya gaskata haka ba ya bukatar ya zama alƙali da ɗan doka da mai zartarwa shi kaɗai. Mun ga inda ramuwar gayya take kaiwa a yankin nan: a rasa mai laifi a huce a kan Bafulatanin da ya zo cin kasuwa, gobe a huce a kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba, marayu su ƙaru ta kowane ɓangare. Romawa sura ta 12 ta hana Kirista ɗaukar fansa da hannunsa, sura ta 13 kuma ta ɗora wa hukuma alhakin hukunta mai mugunta. Biyun tare suke tafiya. Saboda haka kai ƙara, ba da shaida, da matsa wa masu mulki su tsare rayuka, ba rashin bangaskiya ba ne. Yafewa daban, yin shiru a kan zalunci daban.

Akwai masu cewa wannan koyarwa maganin barci ce, ana lallashin talaka da lahira don ya haƙura da duniya. Ban ce ba a taɓa amfani da ita haka ba. Amma ku duba yadda Bulus ya rufe surar nan ta 15: da kira a dage da aiki. Abin da ya biyo baya nan take kuma, a farkon sura ta 16, tsarin tara gudummawa ne ranar Lahadi don matalautan Urushalima. Daga kabari ya wuce kai tsaye zuwa asusu.

Muna da shaidar wannan a kan hanyarmu. Duk wanda ya taso daga Katsina ya nufi Batsari sai ya wuce Babbar Ruga. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa mishan ɗin SIM kula da masu cutar kuturta a wurin, kamar yadda aka yi a Amanawa ta ƙasar Sakkwato da kuma ƙasar Kano. Ita SIM ɗin, wadda ta haifi ECWA a 1954, da kabari ta fara: cikin samari uku da suka sauka Legas a 1893, biyu, Gowans da Kent, sun mutu a 1894, sai Bingham kaɗai ya koma. A lokacin da aka karɓi Babbar Ruga ba a sami maganin kuturta na sosai ba tukuna, sai allurar man wani itacen Indiya mai zafin tsiya. Ƙwayar dafson sai daga baya ta zo. Aikin yau da kullum shi ne wanke gyambo, naɗe ƙafar da ba ta jin zafi, ciyar da wanda yatsunsa suka gutsure, mutanen da danginsu ma suke ware musu ƙwarya. Wasu majinyatan sun karɓi bishara, da yawa sun koma gida da addininsu, daga baya kuma gwamnati ta karɓi asibitin. Ana iya sukar Turawan mishan a kan abubuwa da dama, amma wanda ya ɗauka jiki abin yarwa ne ba zai durƙusa yana wanke miki ba. Sun wanke ne don sun gaskata hannun nan dungu zai tashi da yatsunsa.

To, me ikkilisiya za ta yi wa gidan da aka rasa mutum ba gawa? In labari ya tabbata daga bakin wanda ya gani, dattawan ikkilisiya su zauna da iyalin a sa rana a yi sujadar tunawa. A kira sunansa, a ba da tarihinsa, a karanta Korintiyawa ta fari sura ta 15, a yi wa waɗanda ya bari addu'a, a gayyaci maƙwabta Musulmi su zo gaisuwa kamar yadda muke zuwa tasu. Ba sai an haƙa rami an binne akwatin wofi ba. In kuwa labari bai tabbata ba, kada a gaggauta, kada kuma a tilasta wa mace ta sa kanta cikin gwauraye tun zuciyarta ba ta kai can ba. Zumuntar mata su riƙa leƙa ta bayan baƙi sun daina zuwa. Matasa su yi mata gayya a gona. Gidan da ya sayar da komai wajen biyan fansa, a sa shi a gaba cikin baikon taimako, da kuɗin makarantar yara.

Akwai kuma ɓangaren doka, wanda mutane da yawa ba su sani ba. A Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, in mutum ya shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba daga waɗanda ya kamata su ji, kotu tana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya rasu. Wannan ya shafi gado, da kuɗin da ya bari a banki, da haƙƙinsa na wurin aiki, da matsayin auren matarsa. Kafin dangin miji su fara rabon gona ko su ce mace ta kwashe kayanta, a nemi lauya, a kuma sa dattawan ikkilisiya a tsakani. A kan wannan za mu zauna mako mai zuwa, tare da wani lauya da wata shugabar zumuntar mata. Mai tambaya ya aiko ta hannun fastonsa ko ta lambar gidan rediyon nan, ba sai ya faɗi sunansa ba.

 

(Kiɗan rufe shiri)